Martani ga James Dobson: Shirun Nassi a Kan Istimna'i Ba Izini Ba Ne

A shekarar 1978 James Dobson, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka wanda ya kafa ƙungiyar Focus on the Family shekara guda kafin nan, ya fitar da littafinsa mai suna Preparing for Adolescence domin yaran da suke shiga shekarun balaga. A cikinsa ya taɓo batun da iyaye da fastoci da yawa suke kauce wa, wato istimna'i, wasa da al'aura har mutum ya biya wa kansa buƙata. Ra'ayinsa a taƙaice shi ne, abin bai dami Allah sosai ba. Hujjoji huɗu ya kafa: abu ne da aka saba gani a lokacin balaga, bai shafi kowa ba sai mai yinsa, ba ya jawo cuta ko ciki, kuma Yesu bai ambace shi ba. Ya ƙara da cewa shi ba ya umartar kowa ya yi, yana ma fatan yaro ba zai ji buƙatarsa ba, amma wanda ya yi kada ya azabtar da kansa da jin laifi. An san Dobson da tsayawa kan tsohuwar koyarwa game da aure da iyali, shi ya sa maganarsa ta yi nauyi a wurin iyayen da ba za su saurari mai sassaucin ra'ayi ba. Hujjojin nan huɗu su ne har yau ake ji a bakin matasan ikkilisiya, har da waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba. Abin da ya tsorata Dobson gaskiya ne, domin jin laifi yana iya korar matashi daga bangaskiya. Maganin da ya bayar ne bai dace da koyarwar Littafi Mai Tsarki ba, kuma a kan maganin nake so in tsaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka zan fara da wuraren da gaskiya take tare da shi.

Na farko shi ne labarin Onan a Farawa sura 38, wanda masu wa'azi suka daɗe suna ɗagawa a matsayin hukuncin kisa a kan istimna'i. Duk wanda ya karanta surar da natsuwa zai ga maganar daban ce. Yahuza yana da 'ya'ya uku, Er da Onan da Shela. Er ya auri Tamar, ya mutu saboda muguntarsa bai bar ɗa ba. Bisa al'adar da daga baya aka rubuta a Maimaitawar Shari'a sura 25, ƙanen mamaci ne zai ɗauki matar, ɗan fari da za ta haifa ya ci sunan wan da gadonsa. Onan ya san ɗan ba zai zama nasa ba, kuma rabonsa na gado zai ragu, sai ya riƙa kwana da Tamar yana janyewa ya zubar a ƙasa. Wasu sukan ce ai hukuncin wanda ya ƙi wannan nauyi bai wuce a cire masa takalmi a tofa masa yau a gaban dattawa ba, don haka zubarwar ce ta jawo masa mutuwa. Sai dai Onan bai fito fili ya ƙi ba. Ya karɓi matar, ya more jikinta, ya yaudari mahaifinsa, ya hana wansa zuriya, ya bar gwauruwa ba ɗa ba madogara. Ko ta wace fuska aka karanta labarin, akwai mace a ɗakin, kuma laifin ya haɗa da cin amana da haɗama. Haka nan dokar da ke Littafin Firistoci sura 15, wadda ta ce wanda maniyyi ya fita daga jikinsa ya yi wanka ya zauna da ƙazanta har maraice. Wannan dokar tsarki ce ta shiga sujada, ta kuma hau kan miji da mata da suka sadu ta halal. Ba za a iya gina hukuncin ɗabi'a a kanta ba.

Na biyu shi ne batun cuta. Tsoron da aka cusa wa al'ummomi cewa istimna'i yana kawo makanta da hauka da ramewa ya samo asali ne daga wani ɗan littafi mai suna Onania da aka buga a Landan a farkon ƙarni na 18 ba tare da sunan marubuci ba, ana sayar da shi haɗe da tallar magunguna. A 1760 Samuel Tissot, sanannen likita a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, ya fitar da nasa littafin ya sa wa tsoron rigar kimiyya, ya jingina masa raunin gani da mantuwa da lalacewar jijiyoyi. A ƙarni na 19 likitoci irin su John Harvey Kellogg na Battle Creek a Amurka sun kai ga ba iyaye shawarar azabtar da jikin yara domin su daina. Ilimin likitanci ya yi watsi da waɗannan zantuka tun tuni, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fito daga nassi. Mai wa'azin da yake tsorata matasa da su a yau yana dafa wa gaskiya da ƙarya, kuma ranar da yaron ya gane cewa idonsa ƙalau yake, zai zubar da wa'azin gaba ɗaya, gaskiyar da ƙaryar. A nan Dobson ya yi wa ikkilisiya alheri. Amma rashin cutar jiki bai taɓa zama ma'aunin ɗabi'a a addinin Kirista ba. Hassada ba ta sa zazzaɓi, girman kai ba ya jawo ciki, duk da haka nassi ya lissafa su cikin abubuwan da suke ƙazantar da mutum.

Babbar hujjar Dobson ita ce Yesu bai ambaci abin ba. Gaskiya ne, babu ayar da ta kira istimna'i da sunansa, a Tsohon Alkawari ko a Sabo. Sai dai wanda ya nemi jerin ayyukan da Yesu ya haramta ɗaya bayan ɗaya bai fahimci yadda Yesu yake koyarwa ba. Malaman Attaura na zamaninsa sun ƙware wajen lissafin ayyuka, shi kuwa ya mai da tambayar can tushenta. A huɗubarsa a kan dutse, Matiyu sura 5, ya ɗauki dokar kisa ya kai ta har kan fushi, ya ɗauki dokar zina ya kai ta har kan kallon da mutum yake yi wa mace da niyyar sha'awarta, ya ce zinar ta riga ta faru a zuciya. Nan take ya bi da magana mai tsanani a kan ido da hannun da suke sa mutum tuntuɓe, cewa rasa su ya fi rasa rai duka. A Markus sura 7 ya koyar cewa daga cikin zuciya ne mugayen tunani da fasikanci da lalata suke fitowa. Malamin da ya ce kallo ma yana iya zama zina ba za a ɗauki shirunsa a kan wani aiki a matsayin izini ba, in har aikin yana cin abincinsa ne daga wannan kallon. Tambayar da Yesu zai yi wa matashi ita ce, wa kake kallo a zuci sa'ad da kake yi, kuma da wane haƙƙi? Wannan tambaya ce Dobson ya tsallake a shawararsa ga yara.

Za a ce ai sha'awa kanta halitta ce, Allah ne ya sa ta, kuma akwai mai iya yin abin ba tare da ya zana kowa a zuciyarsa ba. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne ƙwarai. Littafin da yake ɗauke da Waƙar Waƙoƙi ba ya ƙyamar jiki, kuma motsin sha'awa da yake zo wa matashi ba da neman sa ba, ko mafarkin da yake yi cikin barci, ba zunubi ba ne. Yesu ya yi magana ne a kan kallon da aka yi da gangan, aka riƙe, aka ciyar. Rabi na biyu kuwa, ko da an yarda akwai irin wannan mutum, shawarar da aka rubuta wa dubban yara dole a auna ta da abin da yawancinsu suke yi, kuma yawanci aikin yana tafiya ne da hoton wani ko wata a zuci ko a ido. Dobson kansa ya san ɓarnar hotunan batsa fiye da yawancin mutane, domin yana cikin hukumar da gwamnatin Amurka ta kafa kan batsa a ƙarƙashin babban lauyanta Edwin Meese, wadda ta fitar da rahotonta a 1986. Daga baya ma ya yi gargaɗi cewa istimna'i yana zama matsala idan ya haɗu da batsa ko ya zama jaraba. To amma a 1978 yaro sai ya nemo mujalla ya ɓoye ta. Yau batsar tana cikin wayar da ke aljihunsa, dare da rana, ba mai gani. Abin da Dobson ya ɗauka a matsayin haɗarin da ke iya aukuwa ya zama shi ne yanayin da aka fi samu. Ce wa yaro aikin ba komai amma abin da yake ciyar da aikin guba ne, raba abu biyu ne da a rayuwarsa suke manne da juna.

Hujjar cewa abin bai shafi kowa ba ita ce ta fi nisa da tunanin Sabon Alkawari. Mutanen Koranti sun yi wa Bulus irin wannan magana. Birninsu tashar jiragen ruwa ne da ya yi suna wajen karuwanci, kuma wasu masu bi a can suna cewa kome halal ne a gare su, jiki kuwa yana da buƙatunsa kamar yadda ciki yake buƙatar abinci. A 1 Korantiyawa sura 6 Bulus bai amsa musu da lissafin wanda aka cuta ba. Ya ce ba kowane halal ne yake da amfani ba, kuma shi ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba. Ya ce jiki na Ubangiji ne, haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, an saye shi da tamani, don haka mai bi ba mallakar kansa ba ne. Wanda ya karɓi wannan koyarwa ba shi da wani ɗaki da zai kulle ya ce nan ba ruwan Allah. A sura ta 7 ya ci gaba da cewa jikin miji yana hannun matarsa, na mata kuma yana hannun mijinta, wanda ya yi daidai da Farawa sura 2, inda mutum yake barin iyayensa ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya. Sha'awa a wannan tsari kyauta ce da aka ba mutum domin ta fitar da shi daga kansa zuwa ga wani, ta koya masa haƙuri da lura da bayarwa. C. S. Lewis, a wata wasiƙa da ya rubuta a 1956, ya gano ainihin haɗarin: mutum yakan tara wa kansa matan zuci waɗanda kullum suna nan a shirye, ba sa gajiya, ba sa neman komai a wurinsa, ba sa gaya masa laifinsa, har mace ta gaske mai haƙƙi da ra'ayi ta zame masa nauyi. Matar da zai aura gobe tana da rabo a cikin abin da yake koya wa zuciyarsa yau. Ita ma yarinyar da ya ɗauko kamanninta daga aji ko daga ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya ya yi amfani da su, 'yar'uwa ce da Bulus ya gaya wa Timoti ya ɗauke ta da dukan tsarki, ko da ba ta taɓa sanin abin da ya faru ba.

Akwai wuri guda da Bulus ya fuskanci ainihin matsalar mutumin da ba shi da aure, sha'awa kuma tana ƙona shi. A 1 Korantiyawa sura 7 ya shimfiɗa hanyoyi biyu, kamunkai ko aure, ya ce aure ya fi ƙuna. A 1 Tasalonikawa sura 4 ya ce nufin Allah shi ne kowa ya san yadda zai mallaki jikinsa cikin tsarki da mutunci, kada muguwar sha'awa ta ja shi kamar waɗanda ba su san Allah ba. Mai goyon bayan Dobson zai ce ni ma ga shi na koma kafa hujja da shiru, tunda Bulus bai hana hanya ta uku ba. Amma shirun biyu ba ɗaya ba ne. Yesu ba a taɓa tambayarsa batun ba. Bulus kuwa yana amsa tambayar ce kai tsaye, a cikin duniyar Girkawa da Romawa wadda ta san wannan aiki sarai, har ana ba da labarin masanin falsafa Diyojin da yake yinsa a bainar jama'a yana yabon sauƙinsa. Manzon da yake nema wa mutanensa mafita mafi sauƙi, har ya yarda musu da aure ko da shi ya fi son su zauna kamar shi, bai nuna musu wannan ƙofa ba. Wannan bai kai matsayin doka a rubuce ba, amma ya nuna inda koyarwarsa ta karkata, kuma kamunkai da ya lissafa cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa sura 5 ba zai zama da ma'ana ba in sha'awar jiki, wadda ta fi kowace ƙarfi a shekarun ƙuruciya, aka cire ta daga ciki.

Saura hujjar cewa abu ne da kowa yake yi. Binciken Alfred Kinsey na 1948 ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na mazan da aka tambaya sun taɓa yi, na 1953 kuma ya nuna kusan kashi 60 na mata. Yawan masu yin abu yana nuna ƙarfin jarabarsa, yana kuma hana kowa ɗaga kai a kan ɗan'uwansa, amma ba ya mai da shi daidai. Ƙarya da gulma sun fi haka yawa. Ikkilisiya ta san yawan abin tun da daɗewa. Yohanna Kasiyan ya rubuta wa sufaye game da yaƙi da sha'awa a ƙarni na 5, littattafan tuba irin wanda ake jingina wa Tiyodo na Kantabari a ƙarni na 7 sun tanadi horo a kansa, Toma Akwinas ya sa shi cikin zunuban sha'awa a ƙarni na 13, Kalbin kuma ya tsananta a kansa a sharhinsa na littafin Farawa. Gaskiya ne wasu daga cikinsu sun dogara da fahimtar da ba daidai ba game da Onan da kuma yadda ake samun haihuwa. Amma da aka ajiye waɗannan, hukuncin bai faɗi ba. Takardar Persona Humana da fadar Batikan ta fitar a 1975, shekaru uku kafin littafin Dobson, ta yarda a fili cewa ba za a iya tabbatar da cewa nassi ya kira abin da suna ba, ta kafa hujjarta a kan manufar jima'i a cikin aure da kuma gargaɗin manzanni game da ƙazanta. Kirista ɗan Furotesta ba dole ne ya bi Batikan ba, amma mutum ɗaya da zai saɓa wa shaidar ƙarnuka masu yawa yana buƙatar hujjar da ta fi cewa ba a ambata ba.

Abin da ya fi ƙarfi a matsayin Dobson shi ne tausayi. Ya ga samari masu tsoron Allah suna yin alkawari su karya, su sake yi su sake karyawa, har su yanke cewa Allah ya gaji da su, su bar addu'a, su bar sujada. Wannan ciwo ne na gaske, kuma duk mai wa'azin da ya raina shi bai cancanci kiwon tumaki ba. Amma mutumin da bashi ya danne shi, hanya biyu ce ta sauke masa nauyi: a ce masa ba a binsa komai, ko a ce masa an biya. Ta farko tana aiki ne kawai har ranar da lamirinsa ya sake buɗe littafin lissafi. Ta biyu ita ce bishara. Bulus da ya yi kuka a Romawa sura 7 cewa abin da ba ya so shi yake yi, bai sami sauƙi ta hanyar sauya sunan abin ba, ya same shi a sura ta 8, inda babu sauran hukunci ga waɗanda suke cikin Almasihu. Wasiƙar Yahaya ta fari ta yi alkawarin gafara ga duk mai furta zunubinsa, ba ta sa iyaka ga sau nawa ba, kuma Ubangijin da ya umarci Bitrus ya yafe sau saba'in har bakwai ba zai gaza bawansa a yafiya ba. Matar da aka kama da zina a Yahaya sura 8 ta ji abu biyu daga bakin Yesu, cewa bai hukunta ta ba, da cewa kada ta ƙara. Dobson ya ba matashi na farkon ya ajiye na biyun. Akwai kuma haɗari a koya wa yaro ya toshe kunne daga lamirinsa, domin Romawa sura 14 ta koyar cewa abin da mutum ya yi zuciyarsa tana shakka zunubi ne a gare shi. Katikisim na Katolika na 1992, a sakin layi na 2352, ya nuna hanyar da ta fi: ya riƙe cewa aikin ba daidai ba ne, ya kuma ce ƙarancin shekaru da ƙarfin sabo da damuwar zuciya suna iya rage nauyin laifin mai yinsa ƙwarai. Ana iya tsayawa kan gaskiyar aiki a kuma tausasa wa mai aikin.

Wannan matsayi yana ɗora wa ikkilisiya nauyin da ya fi wanda yake ɗora wa matasa. A ikkilisiyoyinmu masu sujada da Hausa, saurayi yakan balaga ya shafe shekaru goma ko fiye yana makaranta da neman aiki, sannan ya tarar da tsadar sadaki da kayan aure da biki a gabansa. Al'ummar da ta karanta cewa aure ya fi ƙuna, ta kuma tsawwala kuɗin aure, tana da hannu a cikin ƙunar. Masu wa'azin da suke jingina kowace faɗuwa ga la'anar iyali ko matar aljani su daina, domin suna ƙwace wa matashi sanin cewa zuciyarsa ce fagen yaƙin, kuma ana iya horar da ita. Iyaye su yi magana da 'ya'yansu kafin waya ta riga su, a kuma tuna da 'yanmata, waɗanda kunya take rufe wa baki fiye da maza. Idan matashi ya zo wurin fastonsa da wannan damuwa, ya kamata ya ji cewa jikinsa lafiya yake, ba shi kaɗai ba ne, kuma Allah bai yashe shi ba. Ya kuma ji cewa an halicci sha'awarsa domin abin da ya fi wannan, a taimake shi ya gane lokutan da yake faɗuwa, ya nisanci batsa, ya sami amintaccen ɗan'uwa da zai riƙa gaya wa gaskiya, ya tashi duk lokacin da ya faɗi ba tare da jinkirta addu'a ba. Dobson ya so ya ceci bangaskiyar matasa ta hanyar rage abin da ake nema daga gare su. Bishara tana ceton ta da gafarar da ba ta ƙarewa haɗe da kira zuwa ga tsarki, kuma matasanmu suna da ƙarfin ɗaukar duka biyun in har manya sun tsaya tare da su.